Kwaɗon Zogale Ba Ƙuli

"Lafiya ƙalau, Yaya Asabe, sai godiya. Ya hanya?"

"Hanya duk taɓo, Husaina. Ya mai jikin?"

"To, da sauƙi za a ce." Husaina ta rage murya, ta waiga wajen ɗakin da aka saki wa labule. "Yau kwana uku, in ban da ruwan koko bai sa komai a cikinsa ba. Na yi lallashi, na yi kuka. Shi ya sa na aika miki. Ke ce kaɗai kike zaginsa ya ji."

Asabe ta sauke langar da ta ɗauko a ka. Tun hantsi ta baro Gyaɗi-Gyaɗi a ƙafa, ta ratso gonakin dawa zuwa Tarauni, sau biyu tana tsayawa kamar za ta juya. Mai jikin taubashinta ne, Ɗan'azumi, ɗan gwaggonta. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, don haka tun suna yara ita ce uwar gijiya shi ne bawa, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a kwashi dariya ba. Wata guda ke nan da likita ya ce ciwon daji ne ya kama masa hanta. An ba shi magani, an ce ya dawo nan da mako biyu, amma sai ya ci abinci ya yi ƙarfi. A cikin watan nan kaf Asabe ba ta zo dubiya ba sai sau ɗaya, ranar ma yana barci, kuma ta gode wa Allah da ta same shi yana barci.

Wata murya ta fito daga bayan labule, ta shaƙe amma ba ta rasa tsiyarta ba.

"Husaina! Wa nake ji kamar mai ƙulin Gyaɗi-Gyaɗi? Rufe tukwane, ki ƙirga ludaya!"

"Ka ji ɗan banza," in ji Asabe. "Uwar gijiyarka ta taka ƙafa ta zo, ko ka rarrafo ka kwashi gaisuwa?"

"Uwar gijiyar da ta zo a ƙasa? Ina motar?"

"Na sayar na sayi bawa mai amfani."

"Allah ya sa ya gudu. Kada ki ɗaga labulen nan, ido na ciwo."

Ta ɗaga. Idonsa ba ya ciwo, ta sani tun kafin ta ɗaga. Yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango, ya ja bargo har wuya a wannan zafin. Wannan ne mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana hawa dalar gyaɗa da buhu a ka yana waƙa. Yanzu wuyansa ya yi tsawo, idanun sun yi rawaya, bargon kuma ya kasa ɓoye kumburin cikin. Da ya ga tana kallonsa sai ya juya fuska wajen bango. Ita ma ta juya tata wajen langa.

"An ce ka zama ɗan sarki," ta ce, ta zauna a bakin ƙofa. "Ba ka cin abinci sai an yi maka kiɗa."

"Abinci? Tambayi Husaina abin da likitan nan ya lissafa. Zogale. Rama. Kabewa. Gwanda. Wake a dafa ya yi lugub. Ni ɗan Adam ne ko tunkiyar layya?"

"Tunkiya ai ana sonta. Kai wa zai yanka?"

"Ya hana ni sigari."

"Gari ya huta da hayaƙi."

"Ya hana ni kitse."

"Da ma na bakin tukunyar mutane kake lasa."

"Ya ce kullum bayan la'asar in taka zuwa masallaci in dawo, wai jini ya motsa. Ni da na ɗauki buhu uku a tashi ɗaya!"

"Bara biyu ka ce."

"Na ukun a haƙora na riƙe shi."

"To ga haƙoran sun huta, sai su yi aiki yau." Ta ja langar gabansa. "Likitan ya ce ganyen ne zai warkar da kai?"

"A'a. Ya ce ganye ba ya kashe daji, amma yunwa tana taya shi aiki. Ya ce in ban yi ƙarfi ba, ba abin da za su iya yi mini." Da ya ji ya faɗi abin da ya fi ƙarfin wasa, sai ya sauya murya. "Kin ji likita da iya baki. Da a ce yana sayar da ƙuli da tuni ya kore ki daga kasuwa."

"Buɗe ka ci."

"Me ke ciki? In gubar da kika daɗe kina haɗa mini ce, gaya mini in yi wasiyya."

Hannun Asabe yana kan murfin, sai ya tsaya. Ta san wasa yake yi. Ya faɗi irinta sau dubu, ita kuma kullum tana da amsa a shirye. Yau ta nemi amsar ta rasa.

Ga abin da ya hana ta zuwa dubiya. Asabe sana'arta man gyaɗa da ƙuli, kuma kowace mai ƙuli tana tsince gyaɗarta kafin suya. Mai kyau ta tafi tukunya. Baƙi-baƙin, da motsattsiya, da wadda ta yi funfuna, sai a ture su gefen faifai. Waɗansu kaji suke zuba wa. Ita Asabe tarawa take yi a wani tsohon gwangwani, ta soya ranar Alhamis, domin duk Juma'a bayan an sauko Ɗan'azumi zai biyo ta gidanta ya ce a fito masa da haƙƙinsa. Sai ta cika masa tafi, ta ce, "Ungo rabon bawa." Shi kuma ya tsaya a tsakar gida ya tauna, ko yamutsa fuska ba ya yi, ya ce ko sharar gidanta ya ci ya yi mata alfarma. Matan gida su yi ta dariya. Shekara ashirin ana haka.

Ranar da ta zo ta same shi yana barci, Husaina ta zaunar da ita tana lissafa mata dokokin likita da yatsu. Da ta zo ƙaramin yatsa ta ce, "Sai kuma gyaɗa mai funfuna, da duk hatsin da ya yi ruma. Ya ce wannan kam ko kusa, ita ce babbar abokiyar gabar hanta, tana iya jawo irin ciwon nan. Mai kyau dai ba laifi, kaɗan-kaɗan." Husaina ta wuce zuwa zancen gwanda. Asabe ba ta ji sauran ba. Da ta koma gida ta ɗauki gwangwanin ta juye a masai, ta wanke shi, ta sake wankewa, sannan ta jefa shi ma.

"Kin yi shiru," in ji Ɗan'azumi. "Husaina, zo ki ga abin mamaki, bakin Asabe ya mutu kafin ni."

"Ina tunanin ko ka cancanci abincin ne."

Ta buɗe. Kwaɗon zogale ne, ganyen ɗanye shar daga bishiyar gidanta, an dafa shi ya yi laushi, da albasa da tumatir da ɗan gishiri. A gefe ga kabewa dafaffiya. Ya leƙa, ya sa yatsa ɗaya ya juya ganyen, ya sake juyawa. Ya ɗago.

"Ina ƙulin?"

"Babu."

"Babu? Kwaɗo ba ƙuli?"

"Haka ake yi yanzu."

"A ina? A Makka?"

"A gidan masu hankali."

"Husaina! Zo ki shaida! Matar da ke kwana cikin ƙuli ta tashi cikin ƙuli, wadda ko gumi ta yi man gyaɗa ne ke fita, ta kawo mini kwaɗo tsirara! Asabe, rowar taki ta kai nan? Ko karaya kika yi ba mu ji ba?"

"Gyaɗa ta yi tsada bana."

"Ƙarya. Ko a shekarar fari ba ki fasa ba ni rabona ba. Af, to ma ina rabona? Juma'a huɗu ban je ba. Ya kamata a ce gwangwanin nan ya cika ya tumbatsa. Kin zo da shi?"

"Na zubar."

"Kin zubar da dukiyar bawa?"

"Na ce na zubar!"

Muryar ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. A tsakar gida Husaina ta tsayar da taɓarya. Asabe ta ji fuskarta ta ɗau zafi. Ta ja mayafi ta rufe rabinta, kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya, ita da take da jikoki.

Da a ce wasa ne zalla, da ta iya faɗa tun a ranar farko, ta ce kaito, ba mu sani ba, a wuce wurin. Amma akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko kanta ma ba ta cika gaya wa ba. Suna tasowa iyaye sun so su haɗa su. Ɗan'azumi ya yi ta kwana-kwana, ƙarshe ya auro Husaina daga Tarauni. Ranar ɗaurin aure Asabe ta tsaya gaban dangi ta ce Allah ya rufa mata asiri, ina ita ina auren bawa, aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Ta yi aurenta, ta haihu, ta zauna lafiya da mijinta har Allah ya ɗauke shi. Amma Juma'ar farko da Ɗan'azumi ya zo gidanta neman haƙƙinsa, ga gyaɗa mai kyau a tukunya, hannunta ya wuce ta ya tafi gefen faifai. Kuma ta san yadda take zaɓa. Ba ɗiba take yi kawai ba. Mafi baƙin take nema, tana jin wani ɗan daɗi in ta samu. Haushin ya mutu tun da daɗewa, sai al'adar ta rayu.

"Ni ce," ta ce, daga cikin mayafi.

"Ke ce wa?"

"Ni na ba ka. Likita ya ce gyaɗa mai funfuna. Shekara ashirin ina cika maka tafi. Da hannun nan." Ta ɗaga hannun, ta mayar. "Kuma ba wai ba ni da mai kyau ba ne. Zaɓa nake yi, Ɗan'azumi. Zaɓa nake yi."

Can waje wata kaza tana ƙorafi. Ɗan'azumi ya daɗe yana kallon langar. Asabe ta jira ya ture ta da ƙafa. Ta riga ta ga yadda za ta tattara ganyen daga ƙasa, ta ga hanyar komawa ta cikin dawa, ta ga Juma'o'in da suka rage mata ba mai sallama a tsakar gida.

Sai ya yi wani sauti. Ta ɗauka tari ne. Ashe dariya ce, tana fita da ƙyar, yana dafe da gefen ciki.

"Kai, jama'a! Girman kai dai na 'ya'yan maza! Yanzu har ciwon nawa ma sai kin ce naki ne? Ba za a bar bawa ya mallaki ko cuta ba?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma. Ke a tunaninki ci nake yi?"

Ta sauke mayafin. "A gabana kake taunawa."

"Ƙwaya biyu. Na ido. Saura aljihu nake zubawa. Wa zai ci wannan abu mai ɗaci kamar maɗaci? Ko mahaukaci ya ɗanɗana sai ya warke."

"Ka kai ina?"

"Akuyar Husaina. Ita ta ci rabon bawa shekara ashirin. Kuma don ki sani, tagwaye take haifa duk shekara. Wata shekarar ma huɗu ta zubo, ɗaya da gemunsa."

Asabe ta waiga tsakar gida. Shekara ashirin tana shiga gidan nan, suna da biki da rasuwa. Ba turke, ba igiya, ba ko kashin akuya ɗaya a ƙasa. Kuma tana iya ganinsa yanzu-yanzu, tsaye a gidanta, yana karkaɗe tafin hannu bayan ya cinye tas, har yana lashe gishirin.

"Husaina," ta ce, "kina da akuya?"

Husaina ta matso bakin ƙofa, taɓarya a hannu, ta dubi mijinta. "Ƙwarai. Da. Ina da ita da."

"Wace iri ce?"

"Ja," in ji Ɗan'azumi.

"Fara," in ji Husaina, a lokaci guda.

Suka dubi juna.

"Ja ce da farin ciki," ya ce.

"Eh, ta ƙasa fara ce," in ji Husaina. "Ni ta ƙasa nake ganinta, wajen tatsa."

"Tana ina yanzu?"

"Ta tafi aikin hajji," in ji shi. "Ke kin cika bincike kamar ɗan doka."

"Rantse."

"Ba na rantsuwa da yunwa a cikina."

Dariyar ta kufce wa Asabe ba shiri, ta fito tare da hawaye, har ba ta san wanne za ta fara sharewa ba. Husaina ta koma wajen turminta da sauri, kafaɗunta na rawa. Ƙaryar tana zaune a tsakiyar ɗakin kowa yana ganinta, ja da fara, kuma ba wanda ya yi niyyar korarta.

Da dariyar ta lafa, Ɗan'azumi ya sassauta bargon ya bar shi ya zame zuwa ƙugu. Bai ƙara ɓoye cikin ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ba za ta kai turmi ba.

"Saurara, 'yar kawu. Shekara goma sha biyar a dala, me kike zaton muke ci da rana? Buhun ƙasa, wanda ruwa ya taɓa, wanda aka ce ba za a ɗora a jirgi ba. Shi muke farkewa. Na gaya wa likita, na ce wanne ne a ciki? Ya ce ba mai iya nuna ƙwaya ɗaya ya ce ita ce. Ya ce wani ma bai ci ba ya kamu. Ke ba ki sani ba, ni ban sani ba." Ya dube ta. "Zaɓar kuwa, na san kina yi. Tun Juma'ar farko na sani. Na ga ya kamata in tauna, na tauna."

Asabe ta sunkuyar da kai. Wannan ta fi zagi nauyi. Ashe duk shekarun nan da take jin ta ɓoye abu a gwangwani, a tafin hannunsa yake, yana kallo.

"Ka yafe mini," ta ce.

"A'a."

Ta ɗago da sauri.

"Ba na yafe wa mai kawo kwaɗo ba ƙuli. Wancan tsohon zance ne, akuya ta cinye shi. Wannan kuwa laifin yau ne, ga shi a langa." Ya nuna ta da haɓa. "Kuma tun da kika zauna nake jin ƙanshi. Hancina bai kamu da komai ba. Me ke ƙulle a haɓar zanin nan?"

Ta dafe wurin. Ta manta cewa ɗan dako yana gane gyaɗa ko a cikin buhu. Kwana uku ta yi tana tsince mudu ɗaya, ƙwaya-ƙwaya a rana tsaka, duk wadda ta yi mata ko alamar tabo sai ta jefar. Ta soya, ta niƙa, ta matse man har hannunta ya yi ciwo don kada ya yi masa nauyi, ta toya, ta daka. Da ta zo zubawa a kwaɗon sai hannun ya ƙi. Ta ƙulle shi a leda ta ɗaure a zani, ba ta san ma dalilin ɗaukowa ba.

"Ba naka ba ne," ta ce. "Na 'ya'yan gida ne."

"To yau bawa ya yi tawaye. Kwance."

"Likita ya ce kaɗan."

"Likita ya ce mai kyau, kaɗan-kaɗan. Ke dai ba ki taɓa ba ni mai kyau ba, ban san ko kin iya ba."

Ta kwance ƙullin. Garin ƙulin ya fito ja-ja-jur, ƙanshinsa ya cika ɗakin. Ta barbaɗa a kan zogalen, ta yayyafa ruwa, ta cakuɗa. Sannan ta ɗebi loma ta fara kaiwa bakinta, ta tauna a gabansa ta haɗiye.

"Wa ya ce ki ci mini?" ya ce. "Husaina, ga shi ta fara!"

Ya jawo langar jikinsa, ya yi bisimilla. Loma ta farko ta daɗe a bakinsa. Asabe tana kallon maƙogwaronsa har ta ga ta wuce. Ya ɗebi ta biyu. A tsakar gida turmi ya yi shiru, sai ƙarar Husaina tana jan hanci.

"Na 'yanta ka," in ji Asabe. "Daga yau kai ɗa ne. Na sallama."

"Ban karɓa ba."

"Ana ƙin 'yanci?"

"'Yantacce shi ke ciyar da kansa. Ni ina nan a bawana. Gobe rama nake so, jibi wake. In la'asar ta yi kuma ki tsaya ki ga na taka zuwa masallaci, don ki je ki ba da labari a Gyaɗi-Gyaɗi." Ya ɗebi ta uku, ya haɗa da kabewa, ya tauna yana lumshe ido. Sannan ya yamutsa fuska, irin yamutsawar da bai taɓa yi wa gyaɗa mai ɗaci ba. "Shekara ashirin ina jiran in ɗanɗana mai kyan naki. Ashe gishiri ma ba ki iya sawa ba."

"To kawo in mayar."

Ya rungume langar da hannu biyu.